Ƙyauren da Ba Shi da Gida

Ranar da aka sace ƙyauren Baba, ruwa aka yi tun hantsi har bayan azahar.

Tsohon ƙyauren ƙofa ne na katako, mai nauyi, wanda ba ya jikin kowane bango. A tsakiyarsa akwai jan tambari na fenti da ya koɗe, da wasu lambobi a ƙarƙashi. Shekara ashirin da takwas ke nan da aka rushe unguwar su Baba, kuma shi kaɗai ne abin da Baba ya fito da shi. Ya tura shi a baro daga rumfar kasuwa zuwa tashar mota, daga tasha zuwa ƙarƙashin gada, a kansa yake kwana, har idanunsa suka mutu. Da Ɗan Majalisar yankin ya gina gidan marasa matsuguni ya ɗauko shi, Baba ya ƙi gadon ƙarfe. Dole aka ɗora ƙyauren a kan bulo huɗu a ɗakin ƙarshe, kusa da ƙofar baya, aka shimfiɗa katifa a kai.

Ran nan an kai shi aski ne, domin jibi 'yan jarida za su zo ɗaukar hotonsa da ƙyaurensa. Gata kuma majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudirin Ɗan Majalisa, wanda zai hana a rushe gidan mutum sai an ba shi wani. Da aka dawo da Baba, ya laluba inda ya saba zama, sai katifa a ƙasa da bulo huɗu.

Bai yi kuka ba. Ya kwanta ya juya wa duniya baya, ya ce ba zai sa komai a bakinsa ba sai ƙyaurensa ya dawo. Nas ɗin gidan ta ce jikin nan ba zai wuce kwana uku zuwa huɗu ba ci ba.

Mutum arba'in da biyu ke kwana a gidan, kuma kafin la'asar kowa ya samu wanda yake kallo ta wutsiyar ido. Wasu suka ce Mai Girki ce ta faskare shi, tunda gas ya ƙare ran nan da itace ta yi girki. Wasu suka ce Mai Gadi ne ya sayar. Ɗan sandan da ya zo ya tambaya sau biyu ko da gaske a kan ƙyaure aka kira shi, ya rufe littafinsa ya tafi.

Mai Girki ta wanke hannu, ta aika a kira mata Ido-a-ƙasa.

*

Shekara talatin ya yi yana gadin daji, yana bin sawun masu satar itace da masu harbin namun da aka hana. Tun da ya ajiye aiki bai iya ɗaga kai ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Matarsa ta rasu da daɗewa. Duk gidan an san yana kawo wa Mai Girki albasa da tumatir daga ɗan lambunsa, an kuma san bai taɓa faɗa mata dalili ba.

"Ka zo a kan lokaci, Malam," in ji ta. "An ce na dafa gadon tsoho."

"Ya yi daɗi?"

"Kai ma dariyar za ka yi mini?" in ji ta. "Shekara shida ina ba shi abinci a baki. Yau na kai masa cokali ya kau da kai kamar bai san hannuna ba."

Ido-a-ƙasa bai iya lallashi ba. Ya ari rariya, ya tsuguna gaban murhu, ya tankaɗe tokar duka. Sannan ya miƙe ya ɗaga rariyar sama inda masu leƙe ta taga za su gani.

"Ƙyauren nan akwai ƙusa a jikinsa ta fi talatin. Wuta ba ta cin ƙusa. Wanda ya ga ɗaya a nan ya zo ya nuna mini."

Masu leƙe suka janye ɗaya bayan ɗaya.

*

Daga ɗakin Baba zuwa ƙofar baya laka ce, daga nan kuma wata 'yar hanya ta bi bayan katanga ta faɗa titi. Sawun yana nan ɓaro-ɓaro, amma na dogon takalmin roba ne, irin wanda aka raba wa gidan guda ashirin saboda damina, kowa ya ɗauka a baranda ya saka. Mutum ɗaya ne. Ya shigo da sauƙi, ya fita da nauyi. Ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe.

A tsakiyar hanya ɓarawon ya huta. Ido-a-ƙasa ya daɗe a wurin. Mutumin bai jefar da ƙyauren a laka ba, sai da ya jera duwatsu biyu da ƙafa, ya ɗora shi a kai a hankali.

Akwai kuma wani ɗan karce da dunduniyar dama take yi jefi-jefi, kamar mai jan ƙafa. A bakin kwalta sawu ya ƙare, sai alamar tayar mota da ruwa ya wanke rabi.

Kafin ya dawo, labarin jan ƙafa ya riga shi shiga gidan. Mutum ɗaya ne mai ɗingishi a nan, kuma yana da makullin baya.

"To ga ni," in ji Mai Gadi, yana zaune a bencinsa da fuska a ɗaure. "Gurgu ya saci ƙyaure ya ruga da gudu. Gobe kuma a ce makaho ya saci madubi."

"Ina kake lokacin ruwa, ɗan'uwa?"

"A ɗakin cin abinci, tare da kowa. Ruwa na zuba, abinci na zafi, wa zai tsaya gadin laka?"

"Taka mini daga nan zuwa famfo."

Ya taka yana ƙunƙuni. Ƙafarsa ta hagu ce mai ciwo, kuma kowane taku sai ta ja.

"Ba kai ba ne."

"Na gode da ka sanar da ni," in ji Mai Gadi. Sai kuma ya sassauta murya. "Ni da tsohon nan shekara huɗu muka yi a ƙarƙashin gada. In ruwa ya sauko, shi yake tsayar da ƙyauren ya kare mu mu biyu. Ka nemo shi, don Allah."

Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan katanga ma bai ba shi komai ba. Ya buɗe masa rumfarsa ya ce ya duba har ƙarƙashin tabarma. "Sau biyu na taya ƙarafan jikin ƙyauren nan," in ji shi. "Na farko Baba ya zage ni, na biyu ya zagi kakata. Ban koma ba."

*

Washegari Ido-a-ƙasa ya shiga ofis. Sakatariyar gidan matashiya ce mai saurin magana, kuma idanunta sun kumbura.

"Makullin baya nawa ne, 'yata?"

"Uku, Kawu. Na Mai Gadi, na Mai Girki saboda masu kawo kaya, sai na Ranka-ya-daɗe Ɗan Majalisa da aka ba shi ranar buɗe gida. Shi wannan na girmamawa ne kawai."

A bayanta akwai babban allo mai hoton Ɗan Majalisa da tarihinsa. Ta ga yana kallo, ta hau karanta masa ba tare da ta juya ba, don ta haddace. Malamin makaranta yana ɗan shekara ashirin da bakwai. Kansila bayan shekara tara. Majalisa sau uku a jere. Sau bakwai aka kawo batun rusau ba diyya, sau bakwai ya ce a'a, har da ranar da shi kaɗai ya ɗaga hannu duk zauren na masa dariya. Ya ƙi dokar kama masu kwana a titi. Jam'iyyarsa ta cire shi daga shugabancin kwamiti a kan haka, bai sauya ba.

"Ni kaina a tasha ya same ni da mahaifiyata," in ji ta. "Da ba don shi ba, ban san inda nake yau ba."

Ido-a-ƙasa ya sani. Sau uku shi ma ya bi layi cikin rana ya zaɓi mutumin.

"Kafin ya zama malami fa, me yake yi?"

Ta juya ta dubi allon, kamar yau ta fara ganinsa. "Ba a rubuta ba. Karatu, ina jin."

*

Baba ya ƙara ƙanƙancewa a kan katifar. Leɓɓansa sun bushe, Mai Girki na zaune kusa da shi da kofin madara da ya huce.

"Baba, wa kake zargi?"

"Zato zunubi, ɗana."

"Ko da ya zama gaskiya?"

Tsohon ya lashi busassun leɓɓansa. Can ya ce, "Wanda ya ɗauka zai dawo da shi. Ina fata dai kada ya daɗe."

"To ka sha ko kurɓi ɗaya kafin ya dawo," in ji Mai Girki. "Don darajar wahalata."

"Ke dai ba ki gajiya, 'yar nan. Ba wa mutumin naki ya sha, na san yana can sai kallon ƙasa yake kamar ya yar da kuɗi."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ido-a-ƙasa ya koma bayan katanga. Rana ta busar da lakar, sawun ya daskare kamar an zana shi. Da farko ya ɗauka nauyin kaya ne ke sa mutumin jan ƙafa. Amma ga karcen nan a sawun shigowa ma, lokacin da hannunsa ba komai. Ya durƙusa ya ƙirga da tsinke. Taku tara lafiya, na goma karce. Tara lafiya, na goma karce. Har bakin kwalta bai kuskure ko sau ɗaya ba. Tsawon takun kuma iri ɗaya, kamar an auna.

Sai ya tuna. Yana saurayi wasu masu awon fili sun zo yanka iyakar daji. Inda igiyar awo ba ta shiga, da ƙafa suke aunawa, kuma a kowane taku na goma sai su karci ƙasa da dunduniya don kada lissafi ya ɓace. Babbansu ya taɓa ce masa wanda ya yi aikin nan shekara biyu, har kabarinsa da ƙirge zai taka.

Ya zauna a gindin katangar ya daɗe. Makulli uku ne, kuma ya riga ya ga tafiyar mutum biyu.

*

Safiyar rana ta uku ya ce a tara kowa a ɗakin cin abinci. Kafin nan ya sa Mai Girki ta yayyafa ruwa daga bakin ƙofar gida har baranda, shi kuma ya bi da tsintsiya ya share, ƙasar ta yi sumul. Mai Girki ta taka. Mai Gadi ya taka. Mai ƙarafa ya taka yana cewa a rubuta cewa shi da kansa ya zo. Sakatariya ma ta taka.

Ƙarfe tara motar Ɗan Majalisa ta tsaya. Mutum ne mai furfura a gefen kai, mai taushin murya, wanda ya san sunan kowa a gidan da ciwon da ke damunsa. Ya ratso tsakar gidan yana gaisawa, idanunsa ja kamar wanda bai runtsa ba.

"Yaya jikin Baba?" ya fara tambaya.

"Yana jira, ranka ya daɗe," in ji Ido-a-ƙasa. "Ku fito baranda ku duka."

Ya nuna musu layin sawu huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da kowanne ke cewa. Ya yi musu bayanin masu awo da takunsu na goma. Sannan ya tsaya a kan layi na biyar, wanda ya taso daga mota, ya soma ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai goma sai ga karce, ya ajiye tsinke a kai. Ya sake ƙirga goma, ya ajiye wani.

Duk idanu suka koma kan Ɗan Majalisa.

"Wanda ya ɗauki ƙyauren nan ba ya ƙin Baba," in ji Ido-a-ƙasa, kansa a sunkuye. "Ya hana shi taɓa laka. Ni iyakar abin da ƙasa ta faɗa mini ke nan. Saura sai mai ƙafar."

Ɗan Majalisa ya dubi sawunsa kamar na baƙo. Ya cire hula ya zauna a kan dakalin baranda, inda masu jiran magani ke zama.

"Ina da shekara ashirin da huɗu," in ji shi. "Ofishin rusau suka ɗauke ni. Ni ke auna gida, ni ke sa jan fenti. Kowane mai fenti da lambarsa, yana rubuta ta ƙarƙashin tambari. Gida ɗari biyu da sha ɗaya na shafa a unguwar nan. Lambar da ke jikin ƙyauren Baba tawa ce."

"Ranka ya daɗe," in ji Sakatariya.

"Kullum katifa na rufe da ita, sai na bar ta. Da aka ce za a tsayar da shi a ɗauki hoto, na san akwai masu neman abin da za su kashe ƙudirin nan da shi, kuma takardun ofishin suna nan. Shekara goma sha ɗaya ina jan ƙudirin. Na ce in ɗauke shi kwana biyu, in goge fentin, in dawo da shi. Ban san zai daina cin abinci ba. Da na ji, na rasa ta inda zan shigo da shi."

"Kwana biyu ka bari ana kirana ɓarawo," in ji Mai Gadi.

"Na bari."

"Ita kuma ana cewa ta ƙona."

"Na bari, ɗan'uwa. Ba ni da bakin magana."

Mai Girki ce ta katse su. "A bar shari'a tukuna. Ina ƙyauren?"

*

Kafin awa guda Ɗan Majalisa ya dawo da shi a bayan mota, ya ƙi kowa ya kama masa. Ƙyauren ya yi kyau ƙwarai. Jan fentin ya tafi, katakon ya fito fes, an goge shi da inji gaba da baya har gefuna, an shafa masa mai yana sheƙi.

Aka jingina shi a bango, aka tayar da Baba zaune. Ya miƙa hannu. Bai taɓa tsakiya ba, gefen dama ya nufa, ya bi shi da yatsu daga ƙasa zuwa sama. Ya sake bi daga sama zuwa ƙasa.

"Ina yaran?" in ji shi.

Aka dubi juna.

"A nan uwarsu ke tsayar da su, ta yanka tsawonsu da wuƙa. Su uku. Babbar ta kai nan, mai bi mata, sai Auta. Shekarar da aka fitar da mu damina ta ɗauki Auta, uwar ta bi shi. Biyun aka raba wa dangi, ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Kullum da safe nakan gaishe su a nan." Yatsunsa suka ci gaba da nema. "Ina suke?"

Ɗan Majalisa ya zube a gwiwa. "Na ga yanke-yanke a gefen, Baba. Na ɗauka tsufa ne. Na ce in gyara maka."

"Ka gyara," in ji Baba a hankali.

"Ni ne na shafa wa gidanka fenti. Ni ne."

"Na sani. Ranar ina cikin ɗaki ina jin ka a bayan bango, tara sai ka ja, tara sai ka ja. Da ka zo ƙarƙashin gada da bargo, tun kafin ka yi sallama na gane ka."

"Shekara shida, ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Ka rushe ɗaya, ka gina ɗaya, na ce yaron nan yana ƙoƙari, a bar shi. Fentin ba ya damuna, ɗana. Da ka tambaye ni, da ni zan riƙe maka ƙyauren ka kankare."

Mutumin da bai sunkuya ba ranar da zaure guda ke masa dariya ya kifa goshinsa a katifa yana kuka kamar yaro. Baba ya dafa kansa.

"Tashi. Gobe kana da aiki. Ka faɗa musu ko kai wane ne da bakinka, kafin wani ya faɗa. Sannan ka ɗaga hannun naka." Ya juya inda yake jin numfashin Mai Girki. "'Yar nan, ara mini wuƙarki."

Ta kawo. Ido-a-ƙasa ya riƙe masa ƙyauren. Baba ya auna da ƙirjinsa, ya yanka ɗaya. "Babbar." Ya sauko kaɗan, ya yi tunani, ya yanka na biyu. Sannan ya sauko ƙasa, bakin wuƙar ya tsaya, ya matsa sama, ya dawo.

"Sha madarar, Baba, sai ka ƙarasa," in ji Mai Girki.

"Ajiye nan kusa. Bari in tuna Auta tukuna."

*

'Yan jarida sun zo da yamma, Ɗan Majalisa ya tare su a bakin ƙofa ya faɗa musu komai, bai bar su sun shiga ɗakin ba. Washegari da azahar aka bugo wa Sakatariya waya daga majalisa. Ƙudirin ya wuce da ƙuri'a uku. Ta tsaya a baranda da wayar a hannu, ta rasa wanda za ta yi wa albishir, domin tun hantsi Nas ta ja wa Baba mayafi har kansa.

Da ɗakin ya zama ba kowa, Ido-a-ƙasa ya tsuguna gaban ƙyauren. Mai Girki ta shigo ɗaukar kofin, yana nan cike yadda ta ajiye shi. Ta tsaya a bayansa.

"Me kake karantawa kuma, Malam?"

Ya nuna mata. Ƙarƙashin yanka biyun akwai wasu ƙananan ɗigo a jikin katakon, wasu sama, wasu ƙasa, inda tsinin wuƙa ya taɓa bai shiga ba.

"Sau goma sha huɗu ya ɗora," in ji shi. "Sau goma sha huɗu ya ɗaga."